Sawun Ranar Juma'a

Ana saukowa daga masallacin Juma'a hayaniya ta kaure a kamfanin shinkafa na bakin gulbi, can gefen Argungu. An ɓalle kwaɗon ɗakin da aka ba baƙuwa, an yi gaba da jakarta.

Baƙuwar, Malama Nazifa, malamar makaranta ce daga Birnin Kebbi. Wata biyu ke nan tana zirga-zirga tana bincike a kan abu guda: me ya sa mace da namiji za su sha rana ɗaya, su ɗauki buhu iri ɗaya, amma a sallami macen da rabin abin da aka ba namijin? A cikin jakar akwai takardunta da 'yar rikodar da ta ɗauki muryoyin mata sittin da ɗaya, kowacce da alkawarin ba mai jin abin da ta faɗa.

Kafin la'asar mutane sun yi shari'a sun yanke hukunci. Ga sawu nan ɓaro-ɓaro a kan yashi, na dogon takalmin roba, kuma ƙafa ɗaya tana ja. Maza kaɗai kamfani ke ba wannan takalmi. Duk maza kuwa suna masallaci, in ban da mutum ɗaya: Dankure maigadi, wanda shan-inna ya shanye masa ƙafa tun yana goye.

Manaja Sama'ila ya nuna shi da makullin mota ya ce, "Na ba ka zuwa Litinin. Ko jaka ta fito, ko 'yan sanda su fito da ita daga jikinka."

Nazifa ba ta gamsu ba. Ta tambaya ko akwai mai bin sawu a garin, aka yi dariya, aka ce akwai wani tsoho.

*

Ta iske Labbo zaune a ƙofar gidansa yana gyaran wata igiya da ba ya da abin ɗaurewa da ita. Shekararsa saba'in ba biyu. A zamaninsa, in an kore shanu daga Augie, shi ake kira, ya bi su kwana uku har ya tsaya a bakin garken ɓarawo. Yanzu kowa waya yake ɗagawa. Matarsa Aishatu ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yansa biyu suna kudu, sai da salla ake jin muryarsu. Mutum ɗaya ce ta rage mai tsayawa a wannan ƙofa: Luba, aminiyar marigayiyar, bazawara mai aikin gumi, wato turara shinkafa, a kamfanin. Kullum in an tashi aiki takan zauna a kan turmi ta saurari labaransa na bin sawu, har waɗanda ta ji sau goma.

"An tattake wurin?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Rabi da rabi, Baba."

"To mu tahi kahin a tattake sauran."

A kamfanin ya yi kusan awa guda a duƙe. Sawun ya taso daga rumfar da maza ke jere takalmansu in za su masallaci, ya je ɗakin Nazifa, ya zaga baya zuwa tsibin ɓuntun shinkafa mai tsayin gida, inda ƙasa ba ta riƙe sawu, sannan ya dawo rumfar. Taku ɗari da arba'in da shida. Ya sa aka kife kwanduna a kan uku mafi kyau.

Dankure yana zaune a kan benci, idanunsa jajur.

"Baba Labbo, wallahi ban tashi daga ƙofar ga ba. Mi zan yi da takardu, ni da ko sunana ban iya karantawa?"

"Ina sandarka?"

"Ga ta."

"Kana iya tahiya ba ita?"

"Taku biyar. Na shida ina ƙasa."

Labbo ya gyaɗa kai. Babu tambarin sanda ko ɗaya a gefen sawun. Kuma ƙafar shan-inna waje take zagawa, ta zana baka kamar lauje. Wannan kuwa mai ita yana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake ruwa, yatsu su riga diddige sauka, su ja layi. Ya faɗa wa manaja haka.

Manaja ya ce, "Gurgu gurgu ne, tsoho. Kawo mini wani in ka ce ba shi ba ne."

*

Ran Asabar da safe Labbo ya fara da manajan kansa, don shi ya fi kowa ƙaruwa in binciken ya nutse.

"Yallaɓai, an ce jibi Malama za ta karanta abin da ta gano gaban masu kamfani."

"To sai me? Ni na kafa albashin? Haka na tarar."

"Kuma kana so a bar shi haka."

Sama'ila ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ina sahun farko jiya, liman ya ba ni hannu. Je ka tambaya."

Bai ma buƙaci tambaya ba. Manaja ƙato ne, in ya taka yashi sai ya bar rami. Mai wancan sawun ba shi da nauyi, kuma takunsa gajere ne ƙwarai. Amma mai kuɗi ba ya sata da ƙafarsa, aike yake yi. Labbo ya ajiye wannan a gefen zuciya ya zaga baya wurin mata.

Nan aiki ba ya tsayawa, ko ran Juma'a. Manyan tukwane suna tafarfasa, ana kwaso shinkafar da aka turara ana juyewa a dandamalin siminti, hayaƙi na tashi. Al'adar aikin ita ce a baza ta da ƙafa, ana jan sawu ana tsaga layi don ta sha iska. Matan suka ja baya suna jiran ta huce. Luba kuwa ta tattare zane ta shiga tsakiya abinta, tururi ya rufe ta har gwiwa.

Ɗayyaba, shugabar matan, ta buga shewa. "Luba ƙafar ƙarfe! Bana dai ta fi ƙarfinmu, Baba Labbo. Mu sai mun yi hira ta ishe mu, ita ta gama layi uku." Ta rage murya yadda kowa zai ji. "Kuma ka duba lallen da ta sha jiya, ba biki ba suna. Ko kai ka kai goro ba mu ji ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Luba ta ce, "Ɗayyaba, bakinki ya fi injin nan ƙara." Ba ta dubi Labbo ba.

"Jiya lokacin salla kun ga wani?" ya tambaya.

Ɗayyaba ta ce, "Wa muka gani ban da hayaƙi? Kowa na kan aikinta. Ai sawun maza na, ka tambayi maza."

Ya koma rumfar takalma. Guda talatin da biyu a jere. Ya riƙa kifa su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙasansu, har ya kai na can ƙarshe, waɗanda aka jefar a gefe. Diddigen na hagu yana da tsaga irin wadda ya gani a ƙarƙashin kwando.

"Na wane ne wannan?"

Aka kira Munzali mai tuƙa inji, dogon saurayi mai ƙurar dusa har gira. Mutane suka fara matsowa, ana ƙus-ƙus.

"Nawa ne, amma tun Laraba na jefar da shi! Ƙusa ta huda shi, Baba. Taku biyu na yi na kwala ihu. Ku tambayi kowa, sabo aka ba ni."

Labbo ya zura hannu a ciki, ya zaro da sauri. Ƙusa ce tsaye, ta leƙo kusan gaɓar yatsa. Ya karkata takalmin ga hasken rana. Cikinsa duk busasshen jini ne, baƙi ƙirin, daga tsakiya har yatsu. Wannan ba jinin taku biyu ba ne.

Ya koma ya buɗe kwandunan, ya sake bin sawun daga farko. Ko jaki ya taka ƙaya sai ya rage nauyi a ƙafar. Wannan mutum ya yi taku ɗari da arba'in da shida a kan ƙusa, bai ɗingisa ba ko sau ɗaya. Bai ma san tana nan ba.

Gajeren taku kuwa, na wanda zane ya ɗaure wa ƙafa ne.

Ya daɗe a tsugune. Can baya yana jin shewar matan da ke shanya.

*

Da Labbo ya faɗa wa Nazifa maganar ƙusa, sai ya ga fuskarta ta sauya. 

"Wata ta gaya miki ƙafarta ba ta jin zafi," ya ce.

"Na yi alkawari, Baba."

"Riƙe alkawarinki, ɗiyata. Ban tambaye ki suna ba."

Ta ce, "Yayata likita ce. Na yi ta roƙon matar ta bi ni, ta ƙi. Kai ka zo."

Ran Lahadi suka shiga mota zuwa Birnin Kebbi, suka hau Keke Napep zuwa Badariya. Yayar tata, Dakta Kausar, ta karɓe su a falo, tana mamakin wannan tsoho da ya ƙi zama a kujera.

"Ina marar lafiyar?"

"Ba ta zo ba. Tahiyarta na kawo."

Ya tuɓe takalmi, ya tsaya a kan tayil, ya fara. Ya ɗaga gwiwar hagu sama, ya saki ƙafar ta faɗi da yatsu, fal, ya ja. Ya ɗaga ta dama ƙasa da haka kaɗan, fal. Ya je bango ya dawo. Murmushin likitar ya ɓace.

"Sake yi. Ƙafar dama ma?"

"Ta fara. Ba ta kai ta hagu ba."

"Tun yaushe?"

Labbo ya dubi ƙasa. Kullum da safe yakan ga sawun Luba a ƙofar gidansa kafin ya share. Tun farkon damina ya ga yatsun hagu sun fara ja, ya ce wa kansa gajiya ce. Shi da ke gane saniya mai ciki daga kofatonta.

"Wata biyar," ya ce.

"Akwai tabo a fata? Fari-fari ko ja?"

"Babu," in ji Nazifa a hankali. "Amma ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta ce kuturta ce."

Dakta Kausar ta girgiza kai. "Kuturta takan kashe jin zafi, ciwon suga ma haka. Ko kuturtar ce ma tana da magani. Amma ƙafa biyu kusan tare, cikin 'yan watanni, yana hawa sama? Akwai wani ciwo da ba a cika gani ba, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin rigar jijiyoyi. Ba ya yaɗuwa. Ba zan rantse ba sai an gwada ta. Abin da zan rantse a kai shi ne, in aka ƙara wata uku, ɗaukarta za a riƙa yi. Kuma ramin ƙusar da kuka faɗa, a ƙafar da ba ta ji, ba ya jiran wata uku."

*

Bayan la'asar Luba ta zo kamar kullum, ta zauna a kan turmi. Ta ja zane ta rufe ƙafafunta.

"An ce ka tahi Birni."

"Na tahi." Ya dubi igiyar da ke hannunsa. "Ni na gaya miki ɓarawo mai wayo takalmin wani yake sawa."

"Kai ka gaya min."

"Ban gaya miki ya duba ciki ba."

Ba ta musa ba. Ta daɗe tana kallon bangon maƙwabta.

"Ta ce ran Litinin za ta kai wa manya abin da munka faɗa. Muryata na ciki, Labbo. Na buɗe baki na gaya mata abin da ko Aishatu, da tana da rai, sai na yi tunani. In anka ji, wa zai ci shinkafar da na taka? Wa zai sha ruwa a kofina? Maza suna da katin asibiti. Mu in ƙafa ta mutu, sai a ce Allah shi ba da lafiya, a kira wata."

"Ba muryoyi za ta kunna ba. Ba suna ko ɗaya."

"Ta faɗa da Hausar da zan gane?"

Ya gaya mata duk abin da likita ta ce, bai rage ba bai ƙara ba. Ta saurara, ta yi 'yar dariya mai ɗaci.

"Ba za ta rantse ba. To ka ji."

"Dankure fa?"

"Namiji na. Kwana biyu za su sake shi."

"Ɗiya bakwai gare shi, Luba. Maigadin da anka kira ɓarawo ba ya sake tsaron ƙofar kowa."

Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango. "Shekara uku ban roƙe ka komi ba. Yau na roƙe ka. Ka ce sawu ya ɓace."

Ta tafi. Ya bi ta da kunne har kwanar layi. Fal, ja. Fal.

*

Litinin da hantsi an taru a gaban rumfar takalma, maza gefe, mata gefe. Motar 'yan sanda tana bakin ƙofa, biyu sun jingina da ita suna cin gyaɗa. Dankure ya sa rigarsa ta salla, kamar wanda ya san ba gida zai kwana ba.

Labbo ya sa aka share fili aka barbaɗa toka. Dankure ya ratsa da sandarsa, kowa ya ga lauje da tambarin sanda. Aka buɗe kwando, kowa ya ga babu su. Manaja ya ratsa yana tsaki, ya bar ramuka. Munzali ya ratsa da taku uku inda ɓarawon ya yi biyar. Sannan Labbo ya ɗaga takalmin ya nuna ƙusar da jinin.

"Wanda ya sa wanga ba ya jin zafi a ƙafa. Kuma ba ya cikin waɗanga uku."

"To wane ne?" in ji manaja.

"Na wanke Dankure. Ba shi ke nan ba?"

"Ba ka wanke kowa ba! Ƙafar gurgu ai matacciya ce, ina za ta ji ƙusa? Sanda kuma ajiyewa ya yi. Ka ba ni suna ko su tafi da shi." Ya ɗaga wa 'yan sanda hannu.

Labbo ya dubi gefen mata. Luba tana can baya, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ya jira. Ɗan sanda ya kama hannun rigar Dankure. Ya ƙara jira. Sandar Dankure ta faɗi, ya yi taku biyar, a na shida gwiwarsa ta bugi ƙasa.

"Luba," in ji Labbo.

Bai ɗaga murya ba, amma har masu tukwane sun ji.

"Luba, nuna musu ƙafarki ta hagu."

Ba wanda ya motsa. Sai ta fito, tana ɗaga gwiwa, ta ratsa tokar da kanta. Ta zauna a ƙasa ta juya tafin ƙafar. A tsakiyar jan lallen akwai rami, gefensa ya kumbura ya yi ruwa. Matan da ke kusa suka ja baya. Wata ta ce "Kuturta!" ta toshe baki.

"Jakarki na cikin ɓuntu, Malama, gabas da tsibin, naɗe cikin buhu," in ji Luba. "Ban taɓa komi ba. Amanar mata na ciki."

"A kore ta daga wurin abinci!" manaja ya daka tsawa. "Ofisa, ga ɓarauniyarku."

Nazifa ta ratsa mutane ta durƙusa, ta ɗauki ƙafar da hannu biyu ta ɗora a cinyarta, a kan farin leshinta.

"Jakata ce, kuma ban kai ƙara ba," ta ce. "Wata biyar matar nan tana shiga tafasasshiyar shinkafa kuna mata kirari, don ba ta da takalmi kuma ba ta da katin asibiti. Yallaɓai, wannan zai shiga rahoton. Shi kam da sunanka."

Ɗayyaba ta cire mayafinta ta zo ta naɗe ƙafar. Munzali ya ɗauko wa Dankure sandarsa. Da aka tallabi Luba zuwa mota ta wuce gab da Labbo, har zanenta ya taɓa shi.

"Ka iya aikinka," ta ce.

*

Sati uku bayan haka Labbo ya je Birnin Kebbi, ya zauna a bencin barandar asibiti, hularsa a gwiwa. Masu dubiya suna ta wucewa da kuloli. Can Nazifa ta fito daga ɗakin mata.

"Ba kuturta ba ce, Baba. Abin da Yaya ta zata ne. An fara magani, ramin ma ya kama warkewa."

"Alhamdu lillahi."

"Dankure ya koma bakin ƙofarsa. An raba wa mata takalma. Maganar albashi kuwa, sun ce za su duba." Ta taɓe baki. Sai ta sunkuyar da kai. "Na gaya mata ka zo."

"Mi ta ce?"

"Ta ce kada ka shigo."

Ya gyaɗa kai. Bai tashi ba, ita ma ta rasa yadda za ta tafi. Daga bayan labulen ƙofar ana jin muryar nas tana cewa a hankali, Inna, a hankali, da ƙarar wasu ƙafafu a kan siminti, suna zuwa bango suna dawowa. Labbo ya karkata kai, ya lumshe ido. Ya saurari zuwa uku da dawowa uku.

Ya miƙe ya sa hularsa.

"Ta hagun ta fara ɗagawa," ya ce.

"Likita ba ta faɗi haka ba tukuna."

"Za ta faɗa."

Ya sauka daga barandar, ya nufi tashar Argungu da ƙafa.